Gidan Kwali

"Yau da yamma Baba zai je ya gani da idonsa," in ji Yaya. "In ya dawo ya ce sana'a ce, ni ba ni da ta cewa. In ya ce shirme ne, ki cire yaron nan daga ranki, kuma kar in sake jin zancensa a gidan nan."

Auta tana tsaye a bakin famfo tana wanke kofuna, ko juyowa ba ta yi ba. Ta kusa shekara talatin, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, amma a wurin Yaya har gobe ita ce yarinyar da yake riƙe wa hannu a tsallaka titi.

"Sana'a ce, Yaya."

"Wasa ne. Shi da bakinsa ya ce wasa ne. Namiji har da gemu ya ajiye aikin ofis, ya koma ɗaki yana yanka kwali da almakashi, wai zai ƙera wasan kwamfuta shi kaɗai. Shi ne mai zane, shi ne mai kiɗa, shi ne mai labari, shi ne shugaba, shi ne masinja. Kuma har yau bai fara ba! Ana tsarawa. Tun bara ake tsarawa."

"Ku yi a hankali," in ji Mama, tana leƙa ƙofar kicin. "Yana falo."

Nan take suka yi tsit. A gidan nan an ƙware da irin wannan shirun.

Baba mai gyaran keken ɗinki ne, irin wanda ke jin ƙarar keke daga bakin ƙofa ya faɗi abin da ke damunsa. Tun bara abubuwa suka fara kuɓuce masa. An tsinci makullin shago a cikin firji. Wata rana ya kira Auta da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa, ya yi ta yi mata faɗa a kan abin da ya faru kafin a haife ta. Likita ya ja Mama da 'ya'yanta gefe ya gaya musu ciwon mantuwa ne, kuma gaba yake yi, ba ya komawa baya. Shi Baba aka ce masa gajiya ce. Mama ta sa su suka yi rantsuwa cewa ba zai ji ba, kuma ba wanda zai ji a waje.

Mutum ɗaya ne a waje ya sani, wato Mai Kemis, ɗan abokin Baba. Shi ke juye ƙwayoyin likita a cikin kwalbar maganin ƙarin kuzari, ya kawo da hannunsa, ya zauna ya sha shayi, idonsa yana bin Auta duk inda ta gifta. A ɓoye tana kiransa Sau-Uku-a-Rana, don haka yake buga mata waya, safe da rana da yamma, bayan cin abinci.

"Ga mutumin da ya san halin da muke ciki ya rufa mana asiri," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa. "Ga shagonsa, ga mutuncinsa. Kin tsaya kina bin wani dogo mai almakashi. Ba dai ki gaya masa komai a kan Baba ba ko?"

Kofin ya kusa suɓuce mata.

"Me zan gaya masa?" ta ce.

Ta gaya masa komai. A bakin gadar da suke tsayawa in ta tashi daga aiki, ta sha jingina da ƙarfe tana kuka tana zayyana masa, shi kuma yana saurare bai taɓa katse ta ba. Wannan sauraron ne ma ya sa ta fara sonsa.

*

Ta nemi izini ta bar aiki da wuri don ta riga su isa. Yaya ya hana ta zuwa wurin Dogo, saurayin nata, tun da aka fara wannan rigima, ta daɗe rabonta da ɗakin.

Hadari ya haɗu ta gabas, garin ya yi duhu tun rana ba ta faɗi ba, ga iska ta ɗauke ɗif. Ɗakin Dogo yana saman wani shagon fenti, ana hawa ta wani siririn tsani na ƙarfe mai kuka a kowane taku. Ta hau ta ƙwanƙwasa.

Ya buɗe ƙofa yana murmushi har kunne, fensir a maƙale a bayan kunnensa, gam ya bushe a yatsunsa.

"Ranki ya daɗe, mai duba jini. Shigo ki ga abin da shawararki ta haifa."

Ta tsaya tana kallon bango. Da can ba a ganin fentinsa, takardu ne tun daga ƙasa har sama: wani ƙaton birni mai ganuwa, jiragen ruwa, rundunoni, sarakuna da zuriyarsu. Ita ce ta taɓa tsayawa a nan ta ce masa, "Kai kaɗai za ka gina wannan? Sai dai jikokinka su ƙarasa. Ka rage, Dogo. Ka nemi ƙaramin abu wanda ka sani." Yanzu bangon fayau yake, sai tabon gam.

"Ina birnin?"

"Yana ƙarƙashin gado, ya yi ritaya. Na zubar da yaƙi, na zubar da teku, na zubar da duk abin da hannu biyu ba za su iya gamawa ba. Gida ɗaya ya rage, da mutum ɗaya."

Ya ja ta zuwa tebur. Wani ɗan gida ne na kwali, ba rufi, ana ganin ɗakunansa daga sama. Falo, kicin, ɗakin kwana, da ɗan shago a gefe. Ƙofofin har buɗewa suke yi, ya yi musu maɗauri da zare. A tsakiyar falo ga wani ɗan mutum na takarda, a gefe kuma tarin katuna a kife.

"Kin san dokata," ya ce. "Ba zan taɓa kwamfuta ba sai wasan ya yi aiki a kan tebur. In baƙo ya zauna ya buga shi da kwali ya kasa tashi, to ya cancanci a kashe masa shekaru. Na gwada shi a kan mai fenti na ƙasa. Auta, mutumin nan da ba ya dariya ba ya kuka, sai da ya share ido."

"Yaya ake yi?"

"Kullum mai wasa yana da 'yan ayyuka. Ya buɗe shago, ya sha magani, ya dawo gida. Duk aikin da ya gama sai ya ja kati. Ba dodo, ba bindiga, ba abokin gaba. Gidan ne kawai ke zamewa daga hannunsa kaɗan-kaɗan."

Ta miƙa hannu ta ɗauki kati na sama ta juya.

*Ka nemi makulli ko'ina. Yana cikin firji.*

Ta ɗauki na biyu.

*Ka kira 'yarka da sunan ƙanwarka. Ta amsa, don kar ka ji kunya.*

Ta sunkuya ta leƙa ɗan shagon kwalin, ta ga an zana keken ɗinki a bangonsa, har da zare a allura.

"Dogo," ta ce, muryarta ba ta fita sosai. "Babana ne wannan."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa.

"A'a, ai ban sa sunan kowa ba. Wani tsoho ne kawai. Keken ma zan canja shi, ina tunanin agogo ko rediyo, ban dai kai wurin ba tukuna."

"A gabanka na yi kuka. Na ɗauka saurarona kake, ashe tarawa kake yi."

"Wallahi ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ka gaya mini yaya ne! Abin da ko ƙawata ban gaya wa ba, abin da uwata ta sa na rantse a kai, ka yanka shi gunduwa-gunduwa ka ba mai fenti ya yi wasa da shi?"

Hawaye suka ɓalle mata. Ya matso, ta ja baya har ta bugi kujera.

"Auta, ki saurare ni. Da kika ce in nemi abin da na sani, na duba rayuwata kaf ban ga abin da ya kai a ba da labarinsa ba. Abin da ya taɓa ni har ƙashi shi ne abin da kike ɗauke da shi. Na so wanda bai taɓa gani ba ya ji yadda yake. Na so in gama in nuna miki ki san ba a banza kika yi kukan ba."

"Kuma yau wannan za ka nuna masa? Shi? Na gaya maka bai sani ba!"

Ta ga lokacin da abin ya sauka a kansa, jinin fuskarsa ya janye.

"Na cire waɗanda suka yi kama da yawa," ya ce a hankali. "Na ɗauka na cire. Na daɗe ina juya katunan nan, ina auna wanne zai zo kafin wanne, wanne ya yi tsauri, wanne ya yi sauƙi, har na daina ganin Baba a ciki. Dokokin wasa kawai nake gani."

Wannan ita ce gaskiyarsa, kuma ita ce ta fi ba ta tsoro. Ba mugu ba ne. Mutum ne da in ya sa kai a aiki, ko gobara ce a ɗakin sai ya fara auna hasken wutar.

"Ka ɓoye shi," ta ce. "Yanzu. Ka fito da birnin."

Ya fisgo zanin gado ya rufe teburin. Ya durƙusa yana jawo naɗaɗɗun takardu daga ƙarƙashin gado, ƙura na tashi. Ita kuma ta goge fuska da bayan hannu tana jan numfashi.

Tsanin ƙarfe ya fara kuka. Ta kasa kunne. Takun mutum uku ne.

*

Baba ne ya fara shigowa, cikin rigarsa ta fita unguwa, yana haki yana dariya.

"Kai yaro, wannan tsani naka ai shi ma jarrabawa ce."

Yau yana cikin ranakunsa masu kyau. Idonsa tar, maganarsa a tsaye. Auta ta saba yin murna da irin wannan rana, amma yau ba ta yi ba. Bayansa Yaya ne, fuska a ɗaure. Bayan Yaya kuma Mai Kemis, yana kaɗa makullin mota.

"Ni direba ne kawai yau," ya ce, yana yi mata murmushi. "Hadari ya taso, na ce bai kamata Baba ya hau motar haya ba."

Dogo ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya ba shi kujera, ya shimfiɗa taswirar birnin a ƙasa. Ya fara bayani, amma muryarsa ba ta da rai. Ga ganuwa, ga tashar jirage, ga rundunar kaza. Baba ya saurara yana shafa haɓa.

"Mutum nawa za su yi wannan aikin?"

"Ni kaɗai, Baba."

"Ba za ka gama ba." Ya faɗa ba tare da zafi ba, yadda yake gaya wa mai keke cewa injinsa ya mutu. "Ni na yi aikin hannu tun ba a haifi waɗannan ba. Abu na farko da mai sana'a ke sani shi ne iyakar hannunsa. In wannan ne abin da ka ajiye aiki dominsa, ɗana, ban ga inda zan ajiye 'yata a ciki ba."

Yaya ya saki numfashi. Dogo ya sunkuyar da kai. Auta ta ji zuciyarta na tsagewa, amma ta ce a ranta gara haka. A rasa yau, a sake roƙo wata rana.

Sai ta hango Mai Kemis.

Ya jingina da teburin da aka rufe, ya ɗaga gefen zanin da yatsa biyu. Ya zaro kati ɗaya yana karantawa. Ta ga girarsa ta ɗaga. Ya zaro wani. Ya ɗago ido suka haɗa, ta girgiza masa kai a hankali, tana roƙonsa da duk abin da ke fuskarta.

Ya gane sarai. Da ya ga dama da ya saki zanin.

"Baba," ya ce, "ashe akwai wani a nan an ɓoye mana."

Ya yaye zanin gaba ɗaya.

Baba ya miƙe ya matso. Fuskarsa ta washe kamar ta yaron da aka ba sabon takalmi. Ya sa yatsa ya buɗe 'yar ƙofar kwalin ya rufe, ya sake buɗewa.

"Ka ga maɗaurin zare! Kai, wannan hannu ne. Yanzu ka yi magana, yaro. Wannan mutum ɗaya zai iya gama shi. Me ya sa ka tsaya kana nuna mini teku?"

"Bai kammala ba, Baba," in ji Auta da sauri. "Mu tafi kafin ruwa ya sauko."

"Ruwa ba ya cin mutum. Jawo mini kujera. Yaya ake yi?"

Dogo ya kalle ta, ya kalli Baba. Tsohon da ya zo yanke masa hukunci ne ke zaune a gaban aikinsa yana yabo, yana jiran a fara. Ya faɗi dokokin a taƙaice, har da cewa shi ba ya magana in ana wasa. Daga nan sai ya ja da baya taku ɗaya ya haɗe hannuwansa a baya.

Auta ta san wannan tsayuwar. Ya sha gaya mata cewa in mutum na gwada wasanka ba ka magana, ba ka taimako, ba ka ba da haƙuri, kallo kawai kake yi. Ya maimaita abin har ya zame masa jiki, kuma yanzu da tsoro ya kama shi, jikin ne ya karɓi ragama.

Baba ya tura ɗan mutumin takarda zuwa ƙofar shago, ya ja kati. Ya nisanta shi da ido ya karanta a fili.

"Yana cikin firji!" Ya fashe da dariya. "Wallahi ni ma na taɓa yi. Auta, kin tuna?"

Shi kaɗai ya yi dariyar.

Yaya ya matso ya leƙa ta kafaɗarsa. Auta ta ga wuyansa ya ƙage. Ya juyo ya yi mata wani kallo da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba.

"Baba, dare zai yi mana," in ji Yaya.

"Bari in gama ranar nan tukuna."

Ya ja na biyu. Wannan bai karanta a fili ba. Leɓunansa kawai suka motsa, ya ɗago ya dubi Auta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ajiye katin a hankali. Iska ta bugo tagar, takardun birnin suka tashi suka watse a ƙasa, ba wanda ya sunkuya.

Ya tura ɗan mutumin zuwa kicin. Ya ja na uku.

"Kana shigowa," ya karanta, murya a dushe, "kowa ya yi shiru."

Ya waiga ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin tsit, sai ruwan da ya fara dukan kwano.

"Dogo," Auta ta ce cikin kuka, "don Allah ka tsayar da shi."

Sai a lokacin Dogo ya farka. Ya kai hannu zai kwashe katunan, Baba ya dafe su da tafin hannunsa.

"Ka ce ba ka magana in ana wasa. Koma inda kake."

Ya ja na huɗu. Ya karanta, ya sake karantawa, zancen wata kwalbar magani ne a jikin katin. Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar kwalbar da ba ya rabo da ita, ya buɗe, ya zazzago ƙwaya ɗaya a tafinsa. Ya juya ta da farce kamar yana duba ƙaramar ƙusa.

"Ɗana," ya ce wa Mai Kemis, "wannan maganin mene ne?"

Makullin motar ya daina kaɗawa. Wanda ya yaye zani bai karanta duka katunan ba.

"Na... na ƙarin kuzari ne, Baba."

"Ka dubi idona ka sake faɗa."

Mai Kemis ya dubi ƙasa.

Baba ya mayar da ƙwayar, ya rufe kwalbar, ya ajiye ta a tsakiyar falon kwalin, kusa da ɗan mutumin. Ya juya ga Dogo.

"Yaya ake cin wasan nan?"

"Baba..."

"Tambayarka na yi. Kowane wasa akwai yadda ake cinsa."

Dogo ya durƙushe a ƙasa, hawaye na bin gemunsa.

"Ba a ci, Baba."

"Ƙarshensa fa?"

"Ban rubuta ba tukuna."

"Amma ka san shi."

Auta ta zube a gefen kujerar ta riƙe gwiwar mahaifinta.

"Baba, ka yafe mini. Ni ce. Ni na gaya masa. Abin ya yi mini nauyi, na rasa inda zan sauke. Mama ta ce kar ka sani don kar hankalinka ya tashi, wallahi don sonka muka yi. Shi ma ba da mugunta ya yi ba, Baba, bai san abin da yake yi ba."

Baba ya ɗora hannu a kanta.

"Na daɗe ina jin ƙarar wani abu a cikin kaina," ya ce. "Na ce ko ni kaɗai ke ji. Ashe duk gari an ji, ni ne na ƙarshe." Ya dubi Dogo. "Aikinka yana da kyau, yaro. Ba zan yi maka ƙarya ba, sana'a ce. Ka san iyakar hannunka. Amma yarinyar nan ta kawo maka kukanta, ka yi kayan aiki da shi. Gobe in ta kwanta ciwo a gidanka, fensir za ka ɗauka. Ba zan ba ka ita ba."

"Baba!"

"Ban ce ki auri wani ba. Wancan ma da ke ba ni magani da sunan ƙarya ya san matsayinsa a wurina daga yau. Amma wannan, a'a." Ya juya ga Yaya. "Kai kuma ka ji da kyau. Tunda haka abin yake, gobe zan iya mantawa na yi fushi. Yaron nan zai zo ya durƙusa, in yi masa dariya in ce ya shigo. Kar ku bari a yi amfani da ciwona a canja mini magana. Yau da hankalina na faɗa."

Ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya fita. Kwalbar ya bar ta a cikin gidan kwalin.

*

A ƙasan tsanin akwai 'yar rumfa a gaban shagon fenti. Yaya da Mai Kemis suka ruga cikin ruwa don su kawo motar daga inda aka ajiye ta, ko kallon juna ba sa yi. Aka bar Auta da Baba a tsaye, ruwa na zuba ta bakin kwano a gaban ƙafafunsu.

Ta ji tsanin ya yi kuka sau ɗaya a sama. Dogo ne ya fito ya tsaya a bakin ƙofarsa, ruwa na dukansa, bai sauko ba kuma bai koma ba.

Baba ya daɗe yana kallon titi. A hankali ta ga kafaɗunsa sun sauka, ƙullin goshinsa ya warware. Ta san wannan saukar. Haka ranakunsa masu kyau ke ƙarewa, ba sallama.

Ya shafa aljihunsa, ya dubi gwangwanayen fenti, ya ɗaga kai ya hango Dogo. Ya ɗaga masa hannu cikin fara'a.

"Wancan ba shi ne yaron naki ba?"

"Shi ne, Baba."

"Wurinsa muka zo ko? Na ga aikin?"

"Ka gani."

"To madalla." Ya sunkuyo kusa da kunnenta, kamar mai jin kunyar tambaya. "Auta, gajiyar nan ta sa kaina ya ɗan yi nauyi. Me na yanke?"

Duk abin da ta faɗa yanzu shi Baba zai riƙe, ya shiga gida da shi ya gaya wa Mama. Yaya ba zai iya ƙaryata shi ba sai ya sake buɗe masa ciwon tun daga farko, kuma ta san ba zai iya ba. Kalma ɗaya ce tsakaninta da mutumin da ke tsaye a sama cikin ruwa, wanda har yanzu, duk da abin da ya yi, take so kamar ranta.

Fitilun motar suka ɓullo daga kwana. Baba yana kallonta yana jira, da yarda irin wadda ba ta taɓa gani a idonsa ba.

"Ka ce a'a, Baba."

"Na ce a'a?" Ya sake ɗaga kai ya dubi saman tsanin, ya girgiza kai cikin tausayi. "Kash. Ga shi kuwa yaro mai ladabi."